Shekarar da Kawu Ya Bar wa Ciyawa Gonarsa

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Manomi ne a wani ɗan ƙauye da ke bayan dutsen Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bungudu, kuma a gidansa nake yin hutun makaranta tun ina ƙarama. Mutum ne marar gaggawa. Idan ka yi masa tambaya sai ya ɓare goronsa, ya kai baki, ya tauna, kafin ya ba ka amsa, amsar ma ba ta cika wuce magana ɗaya ko biyu ba. Abin da aka san shi da shi a yankin shi ne tsaftar gona. Masu wucewa kan tsaya a bakin hanya su kalli kunyoyinsa a miƙe sambal, dawa ta yi duhu, ba ka ganin ciyawa ko ta rantsuwa.

Babban ɗansa namiji sa'ana ne, taubashina. Tare muka yi ƙiriniya, muka hau duwatsu neman kanya, muka sha faɗa wurin Inna, matar Kawu, in mun dawo da kaya a yage. Ni na ci gaba da karatu har na zama malamar firamare a Gusau, na yi aure a Tudun Wada. Shi ya tsaya a gona. Ya tashi ƙaƙƙarfa, mai fara'a, mai son waƙa in yana noma. Da damina in ya gama aikin gidansu sai ya ja samari 'yan ƙwadago su shiga gonakin mutane, da rani kuma ya tafi Tsafe yin dako a kasuwar hatsi. Bai taɓa kirana da sunana ba tun da na fara aiki. Malama 'yar birni yake ce mini, ni kuma in ce masa baƙauye, mu yi ta dariya.

Ba zan iya cewa ga ranar da ƙwaya ta shigo ƙauyen ba. Na dai san akwai wata damina da na je na tarar da abin ya zama ruwan dare. Masu tallar magani suna yawo da shi a kan babur, suna bin ƙauyuka ranar kasuwa. Ba wanda yake kiran ta ƙwaya a lokacin. Maganin gajiya ake ce mata. Gonakin nesa sun gagara zuwa saboda halin tsaro, kowa ya matso kusa da gari, kowa yana son a gama masa noma da wuri kafin rana ta yi nisa a tattara a koma gida. Mai gona in ya ɗauki 'yan ƙwadago, yadda zai kai musu fura haka zai haɗa musu da ƙwayar tramol. Na ga samari da idona suna ɓallo ta daga leda suna jefawa cikin shayi da safe, suna raha. Za su duƙa tun hantsi ba su ɗago ba, rana ta take ba sa jin ta, ƙaya ta soke su ba su sani ba sai sun ga jini. Ni ma ban ɗauke shi komai ba. Na zaci irin maganin ciwon jikin da muke sha ne.

Sannu a hankali taubashina ya fara canzawa. Ya rame, idanunsa suka faɗa, ya daina waƙa. In na zolaye shi sai ya yi murmushin yaƙe ya tashi. Matarsa, yarinya ce mai kunya, ta taɓa raɗa mini cewa ba ya cin abinci sosai, kuma ƙaramin abu ke sa shi faɗa. Na ce mata wahalar noma ce, zai warware da kaka.

Ana cikin maimai, wato noma na biyu, aka bugo mini waya cewa ya faɗi a gona. Yana cikin aiki sai kawai ya saki fartanya, ya kife, jikinsa ya kama karkarwa, kumfa na fita ta bakinsa. Abokan aikinsa suka ɗauko shi zuwa gida. Ni da maigidana muka hau mota daga Gusau, muka sauka a Kwatarkwashi, 'yan kabu-kabu suka ƙarasa da mu.

Na tarar da gidan cike da mata. Ya farfaɗo, yana kwance a ɗaki ya juya wa ƙofa baya. An turara masa hayaƙi har ɗakin ya yi duhu. Maganar da ke bakin kowa ɗaya ce, wai iska ce ta taɓa shi, don gonar da ya faɗi tana gindin dutse, kuma an san wurin ba ya rasa mutanen ɓoye. Inna tana ta gyaɗa kai tana amsawa. Na lura abin ya fi mata sauƙi haka. Wanda iska ta taɓa abin tausayi ne, ba a yi wa uwarsa gori.

Da la'asar Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi a bayan gida wurin turken shanunsa, zaune a kan wani kututture. Ya ciro wani abu daga aljihu ya miƙo mini. Ledojin magani ne da aka ɓalle, duk wayam, a dunƙule.

"Ɗiyata," ya ce, "cikin aljihun wandonai na ishe su. Ke da kinka yi boko, duba mani mi anka rubuta nan."

Na duba. Na gaya masa sunan maganin, na kuma gaya masa abin da na ji game da shi daga wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya: cewa magani ne mai ƙarfi na masu matsanancin ciwo, likita kaɗai ya kamata ya ba da shi, kuma in mutum ya saba da shi jiki ba ya yarda a daina, in ya yi yawa yana kawo irin wannan faɗuwa.

Ya dubi shanun.

"To ba iska ba ce," ya ce.

"Ba na jin iska ce, Kawu."

"Ni ma na sani. So nike in ji daga bakin wani." Ya karɓi ledojin ya mayar aljihu. "Ranar da ya fara shan ta, ni na sawo. Shekarar da munka yi waken suya da yawa, na ga kowa na ba ma'aikatanai, ni ma na sawo na raba masu. Har na yaba mashi da yamma, na ce yau ka yi aikin mutum biyu."

Ya tashi ya zuba wa shanun harawa.

Washegari dangi maza suka taru a zaure. Shawara ta rabu biyu. Wasu suka ce a bar maganar a kan iska, a ci gaba da turare da rubutu, asiri ya rufu. Wasu da suka san gaskiya suka ce a kai shi gidan mari, inda ake sa wa irinsu sasari a ƙafa har su dawo hayyacinsu. Wani yayan Kawu har ya ce ya san wurin, zai kai shi da kansa. Maigidana yana cikinsu, shi ya ba ni labari. Ya ce Kawu ya saurari kowa har suka gama, sannan ya ce rubutu da addu'a za a ci gaba da su, don babu abin da ya fi ƙarfin Allah, amma ba zai yi ƙarya ba, kuma ba zai sa wa ɗansa ƙarfe ba. Ya ce in laifi ne na sasari, to ƙafarsa za a fara sa wa.

Ranar Juma'a bayan an sallame, kafin mutane su watse, Kawu ya nemi izinin liman ya miƙe. Mutumin da ko a taron suna ba ya magana. Maigidana ya ce muryarsa ba ta da ƙarfi, sai da aka yi ta cewa a yi shiru. Ya gaya wa jama'a cewa abin da ya kayar da ɗansa ba iska ba ce, ƙwaya ce, wadda suke kira maganin gajiya. Ya ce shi ya fara sa ta a hannun yaron, kuma akwai 'ya'yan mutane da dama a cikin sahun nan da shi ya ba su, yana roƙon iyayensu gafara. Ya ce daga ranar ba za a ƙara shan ta a gonarsa ba. Ya zauna. Liman ya yi addu'a aka tashi.

Ba kowa ya ji daɗin abin ba. Inna ta yi kwana da kwanaki ba ta yi masa magana ba, ta ce ya tona wa gida asiri a gaban gari. Shi kansa taubashina da ya ji, sai ya yi fushi irin wanda ban taɓa gani ba. Ya fito tsakar gida yana huci, ya ce an kunyata shi, ba zai ƙara iya fita ba. Kawu yana zaune a kan tabarma, ya bar shi ya gama.

"Kowa ya riga ya sani," ya ce masa. "Ni da uwarka ɗai munka rage. Yanzu ba ka da abin ɓoyo. Shirya, gobe mu tai Gusau."

Ban yi zaton zai bi shi ba, amma ya bi shi. Daga baya ya gaya mini faɗuwar ce ta tsorata shi. Ya ce da ya farfaɗo ya ga ɗansa ƙarami tsaye a bakin ƙofa yana kallonsa, ya kasa tuna sunan yaron na ɗan lokaci.

Lokacin nan tsakiyar damina ce, ruwa na sauka ba ƙaƙƙautawa, ciyawa na tashi kamar ana jan ta. Duk manomi ya san wanda ya bar gona a wannan lokaci ya bar amfanin shekara. Da muka isa Gusau na ce wa Kawu ya koma, mu za mu kula da shi, ga maigidana ga ni.

"Gona ba ta gudu," ya ce. "Baɗi ma tana nan."

Muka ba su ɗakin zaure a gidanmu na Tudun Wada. Maƙwabciyar nan tawa ma'aikaciyar jinya, Kirista ce, su da mijinta aiki ya kawo su Gusau tun da daɗewa, ita ta raka mu asibiti ta nuna mana inda za mu. Likitan ya yi wa Kawu bayani cewa ba a yanke irin wannan magani farat ɗaya, ana rage shi ne kaɗan kaɗan, kuma duk da haka sai yaron ya sha wuya. Ya ce a samu mutum ɗaya da zai riƙe maganin, ya riƙa ba shi a kan lokaci. Kawu ya ce shi ne.

Na sha jin ana cewa ɗan ƙwaya, ban san abin da kalmar ta ƙunsa ba sai a wannan zama. Ƙaton namiji ya koma kamar ƙaramin yaro mai zazzaɓi. Gumi ya jiƙa masa riga alhali yana rawar sanyi. Hamma ba iyaka, hanci na zuba, ciki na murɗawa. Ya ce ƙasusuwansa kamar ana sara su da gatari, ƙafafunsa ba sa yarda su tsaya wuri ɗaya. Wani lokaci ya yi roƙo, wani lokaci ya yi zagi. Akwai ranar da na kawo musu abincin rana na same shi durƙushe gaban mahaifinsa yana cewa, "Baba, ɗaya tak, don Allah, ɗaya tak ka ƙara mani." Kawu ya ɗaga shi ya zaunar, ya ɗora ƙafafunsa a kan cinyarsa, ya shiga matsa masa su da man zafi, da hannayen nan nasa masu kaushi. Bai yi masa wa'azi ba, bai kuma ƙara masa ba. Labarin shanu ya kama ba shi, na wani bijimi da ya taɓa yi tun kafin a haife mu, wanda ba ya jan garma sai an yi masa fito.

Sai da aka kwana biyu na lura Kawu ba ya cin goro. Na sayo masa mai kyau, fari, na kai masa. Ya karɓa ya yi godiya, ya ajiye a gefe. Da na matsa masa sai ya ce ba zai ce wa yaro ya bar abin da ransa ke so ba, shi kuma yana zaune gabansa yana taunar nasa. Na ga yadda kansa ke ciwo, yana yawan dafe goshi, amma bai taɓa goron ba. Yarana suka rabar wa tsofaffin unguwa.

Da jikin ya fara sauƙi, Kawu ya ƙirƙiro musu tafiya. Kullum bayan sun karya sai su fita a ƙasa, su bi titi har bakin kasuwa, su zagayo. Tsoho a gaba da 'yar sandarsa, ɗan a baya yana jan ƙafa. Mutanen unguwa suka saba da su, masu shago na yi musu sannu. Wata rana suka dawo na ji taubashina yana tambayata ko akwai sauran tuwon jiya. Na ɗumama masa, ya cinye, ya kalle ni ya ce, "Malama 'yar birni, miyarku ba ta da daddawa." Na shiga ɗaki na yi kuka, don rabon da ya zolaye ni har na manta.

Sun koma gida ana gab da kaka. Na bi su bayan 'yan kwanaki. Gonar Kawu da ake tsayawa kallo ta zama abin tausayi, ciyawa ta kai ƙugu, dawar ta yi ja ta tsumbure. Wani ɓangare kaɗai aka nome, wai wasu samari ne daga cikin waɗanda ya nemi gafarar iyayensu suka shiga suka yi ba tare da an sa su ba. Abin da aka samu a shekarar bai cika rumbu ɗaya ba. Kawu ya sayar da tumakinsa ya cike abincin gida. Ban ji ya yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Da a nan labarin ya ƙare da na ji daɗi, amma ba a nan ya ƙare ba. Rani ya shigo, hatsin gida ya yi ƙasa, taubashina ya ce zai koma Tsafe dako. Kawu bai so ba, amma bai hana shi ba, don magidanci ne mai iyali. Watanni kaɗan sai labari ya fara zuwa. Ya daina aiko da saƙo, ya daina dawowa ƙarshen mako. Wani direba ɗan garinsu ya ce ya gan shi yana ɗaukar buhu a guje kamar ba nauyi, idanunsa jajur.

Inna ta ce ita ta haƙura, a kai shi gidan marin kawai. Ni kaina na karaya. Na yi tunanin damina guda da aka yi hasara, da wahalar da tsohon ya sha a zaurenmu, na ji haushin taubashina ya cika mini ciki. Na buga wa Kawu waya ina faɗa, ina cewa ɗansa bai kyauta ba, bai san darajar abin da aka yi masa ba.

"Likita ya ce ana komawa," Kawu ya ce. "Ke ma kina wurin."

Ranar kasuwa ya hau mota ya tafi Tsafe. Abin da ya faru can daga bakin taubashina na ji shi, ya ba ni labarin fiye da sau ɗaya, kuma kullum iri ɗaya yake ba da shi. Ya ce yana cikin lodin masara a wata babbar mota, ya juyo ɗaukar buhu sai ya ga mahaifinsa tsaye a gefe. Ya yi niyyar gudu, ƙafarsa ta ƙi. Ya jira faɗa, bai zo ba. Kawu ya gaishe da mai kayan, ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke ya ajiye a kan wani benci, ya zo ya kama kunnen buhun.

"Tunda ba ya ɗaukuwa sai da ita," ya ce masa, "kama can in kama nan."

Haka suka yi ta ɗauka su biyu, buhu bayan buhu, tsoho mai furfura yana nishi, 'yan dako sun tsaya suna kallo. Wasu suka zo za su karɓa masa, ya ce su bar shi. Taubashina ya ce tun yana roƙonsa a hankali ya bari har ya kasa magana. Da suka kai wani buhu bakin mota sai ya ga hannun mahaifinsa na rawa, ya saki buhun, ya zauna a ƙasa cikin ƙurar masara ya rufe fuska. Kawu ya zauna kusa da shi har ya gama. Sannan ya sa rigarsa, ya saya musu fura suka sha, suka hau motar Gusau.

Zama na biyu a zaurenmu ya fi na farko gajarta, amma ya fi shi shiru. Wannan karon ba a yi roƙo ba, ba a yi zagi ba. Shi da kansa yake tuna wa mahaifinsa ranar komawa asibiti. Wata safiya ina shara na ji yana ce masa ba zai ƙara komawa dako ba, ko da za su ci tuwo ba miya. Kawu ya ce to.

Da damina ta zagayo, Kawu ya sake tsarin aikinsa gaba ɗaya. Ya rage faɗin abin da yake nomawa, ya ba wani maƙwabci aron sauran. Ya ce duk wanda zai yi masa ƙwadago, sharaɗi ɗaya ne, ba a shan komai sai fura da ruwa. Za a fara da sassafe, in rana ta take a ajiye fartanya a shiga inuwar ɗorawa, a ci abinci mai nauyi, a huta, wanda zai yi barci ya yi. Inna, wadda zuwa lokacin ta sauko, ita ke dafa dambu da wake ana kaiwa. Aikin da wasu ke gamawa a yini, a gonar Kawu sai ya kwana. Aka yi ta yi masa dariya a majalisa, ana cewa ya buɗe gonar ragwaye. Samari da yawa suka ƙi zuwa, don sun san ba za su iya yini ba tare da ƙwaya ba.

Waɗanda suka fara zuwa su ne waɗanda suka gaji. Akwai wanda ya taɓa faɗuwa a kan babur, akwai wanda matarsa ta yi yaji saboda halinsa. Ba su zo da sunan neman magani ba, ƙwadago suka zo, amma kowa ya san dalili. In mutum ya kasa, gumi ya karyo masa, ya zauna a kan kunya yana riƙe da ciki, ba mai yi masa tsawa. Taubashina zai je ya zauna da shi, ya gaya masa yadda nasa ya kasance, in abin ya yi tsanani ya rako shi Gusau wurin likita. Zaurenmu ya ga baƙi a wannan shekara da wadda ta biyo ta, har maigidana ya sa aka ƙara tabarma.

Ba duka suka tsira ba. Wasu sun yi mako suka koma. Akwai wani yaro dogo mai yawan dariya da ya kwana a gidanmu, ya yi kyau har ya yi ƙiba, daga baya ya koma, ya haɗa da wasu abubuwan, aka tsince shi a bayan gari ya rasu. Kawu ya je jana'izar, ya dawo ya yini bai ci abinci ba. Masu tallar magani kuma ba su daina zuwa ba, har gobe suna zuwa, kuma akwai masu gonar da ke ba ma'aikatansu ƙwayar a ɓoye. Sai dai yanzu a ɓoye ne. Ba mai miƙa ta tare da fura a gaban mutane, kuma ba mai kiran ta maganin gajiya.

Na taɓa tambayar taubashina ko ya rabu da ita ke nan har abada. Muna zaune a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, akwai ranakun da in ya gaji, ko ransa ya ɓaci, yana jin ɗanɗanonta a maƙogwaro kamar yanzu ya haɗiya. Na ce to me yake yi in ya ji haka. Ya ce zuwa yake ya gaya wa Baba. Na ce shi kuma ya ce me. Ya yi dariya ya ce, "Kin san shi. Ba ya cewa komi. Sai ya ce in zauna, mu zauna har ta wuce."

Zuwana na ƙarshe da damina ne, an gama huɗa. Kawu ya tsufa sosai yanzu, gwiwa ta hana shi duƙawa, ɗan ne ke riƙe da gonar da shanun. Amma kullum sai an ɗora shi a babur an kai shi, ya zauna a gindin ɗorawa yana kallon aiki. Na bi masu kai abinci na same shi can. Muna cikin gaisawa sai ga wata mata ta ratso gonar, dattijuwa, ta yi tafiya mai nisa don zanenta duk laka. Bayanta wani saurayi ne ramamme, yana tafe yana kallon ƙasa. Ta durƙusa ta gaida Kawu, ta ce daga wani ƙauye take ta wajen Tsafe, mijinta ya rasu, wannan ne babban ɗanta. Ta fara kewaye-kewaye, tana cewa ba ya jin daɗi ne, ciwon jiki ne ke damunsa.

Kawu ya bar ta ta gama, sannan ya dubi saurayin.

"Kana son ka bari?" ya tambaye shi.

Yaron ya ce, "Na gwada, Baba. Ba ta baruwa."

"Ka ci abinci yau?"

Ya girgiza kai. Kawu ya sa na zuba musu dambu shi da mahaifiyarsa, ya ce su ci tukuna. Sannan ya ɗaga sandarsa ya yafuto ɗansa daga cikin masu noma. Taubashina ya ajiye fartanya ya taho yana share gumi, ya gaida matar, ya zauna a ƙasa kusa da saurayin, ya jawo kwanon ya sa hannu suka ci tare. Da suka gama ya ce masa ya taso su je su ba shanu ruwa. Suka tafi su biyu wajen rafi, yana yi masa magana ƙasa ƙasa. Matar ta bi su da kallo, ta juyo ta tambayi Kawu ko yana ganin ɗanta zai warke. Ya ce mata wannan sanin Allah ne, amma ta bar shi nan ya kwana biyu, akwai ɗaki, kuma ranar da za su Gusau ganin likita za a aika mata ta zo a tafi tare.